Dabarar dunduniya da yatsa wajen sauke giya

Dunduniya da yatsa dabara ce ta tuƙa mota mai giyar hannu, inda ƙafar dama take riƙe da birki tana kuma dungurar totur, ta hagu kuma tana kan kuloci. Ana yin ta ne gab da shiga kwana, a daidai lokacin da mota ke buƙatar rage gudu da komawa ƙaramar giya. Direbobin tsere ne suka fi saninta, sai masu ƙananan motocin gudu irin su Mazda MX-5 da Porsche 911.

Dalilinta

Kowace giya tana da yawan juyin da inji zai yi kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma ƙaramar giya ta fi neman juyi. A ce lamba uku tana da rabon 1.4, lamba biyu kuma 2.1. Idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya a lamba uku, to a wannan gudun lamba biyu tana neman 4,500. Direban da ya saki kuloci bai ba da wuta ba, tayoyi ne za su fizgi injin su cike masa 1,500 ɗin da suka rage. Nan mota take yin dungure da goshi, kuloci yana cinyewa. A motar da tayoyin baya ke turawa abin ya fi haɗari, domin birki ya riga ya kwashe nauyi ya kai gaba, tayoyin baya sun yi sakayau, ƙaramar fizga ta isa ta sa su zame, bayan mota ya juya, musamman a jiƙaƙƙiyar hanya. Dungurar totur tana ɗaga juyin inji ya tarar da giyar kafin a haɗa su.

Yadda ake yi

Direba yana taka birki da gaban tafin ƙafarsa, wajen babban yatsa. Sai ya danna kuloci, ya ja giya, a cikin wannan ɗan taƙin ya karkata ƙafa ya taɓa totur sau ɗaya, sannan ya saki kuloci tun juyin bai sauko ba. Duk wannan bai cika daƙiƙa guda ba. A yawancin motocin yau gefen ƙafa ne ke kai wa totur, domin matakan biyu suna kusa. Ainihin dunduniya ta fi aiki inda totur ke manne da ƙasan mota. Wasu tsofaffin motocin tsere ma a tsakiya totur ɗinsu yake, birki a dama.

Wahalar tana wajen birki. Da zarar idon sawu ya karkata, ƙarfin takun yakan canza, ko ya ƙaru motar ta yi turjiya, ko ya ragu ta zarce inda ya kamata ta karya kwana. Gwani shi ne wanda fasinjansa zai ji inji ya yi ƙara amma jikinsa bai motsa ba. Idan dungurar za ta ɓata birki, gara a bar ta, domin birki ne ke tsayar da mota.

Koyo

An fi farawa da daidaita juyi ba tare da birki ba: a miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a danna kuloci, a ɗan ba da wuta, a sauko daga huɗu zuwa uku har kunne ya saba da muryar injin. Daga nan a zauna a mota tana kashe a nemo wa ƙafa mazauni. Sai a haɗa su a filin tsere ko wani rufaffen wuri. Abin da ke ba sababbi mamaki shi ne dabarar ta fi sauƙi idan an taka birki da ƙarfi, saboda matakinsa yana sauka ya yi daidai da tsayin totur. Takalmi mai siririn ƙasa yana taimakawa.

Kuskure mafi tsada shi ne gaggawar sauke giya tun mota ba ta rage gudu ba, ko a nufi lamba huɗu hannu ya faɗa biyu. Na'urar da ke iyakance juyin inji, man fetur ko tartsatsin wuta kawai take yankewa, ba ta iya hana tayoyi juya shi fiye da ƙima, kuma a nan fistin ke bugun bawul.

Tarihi

Tsofaffin giyabos ba su da zoben da ke daidaita gudun haƙora, don haka sai an taka kuloci sau biyu: a fita zuwa firi, a saki, a ba da wuta, a sake takawa a shiga giya. Direbobin tsoffin manyan motoci sun san wannan sarai. Kamfanin Cadillac ya fito da giya mai daidaita kanta a 1928 bisa aikin injiniya Earl Thompson, amma motocin tsere sun daɗe ba sa amfani da ita. Har yanzu masu koyo suna kallon hoton bidiyon ƙafafun shahararren direban tsere Ayrton Senna yana tuƙa Honda NSX a filin Suzuka na Japan, da na direban tsere Walter Röhrl cikin Audi Quattro.

A gasar Formula 1 dabarar ta fara gushewa a 1989, lokacin da Ferrari 640 ta zo da giyar da ake canzawa da yatsu a bayan sitiyari, Nigel Mansell ya ci tseren Brazil da ita a fitarta ta farko. Cikin motocin kasuwa masu giyar hannu, Nissan 370Z ce ta fara dungurar totur da kanta ta hanyar kwamfuta. Chevrolet Corvette ta 2014 da Honda Civic Type R ta 2017 sun biyo baya, kuma a dukkansu direba yana iya kashe tsarin ya yi aikin da ƙafarsa.