Dokar Lavoisier da Ma'aunin Mol: Yadda Ake Lissafa Nauyi a Haɗin Sinadarai

A shekarar 1789 ne masanin kimiyyar nan na ƙasar Faransa, Antoine Lavoisier, ya shimfiɗa dokar da har yau ake ɗora lissafin haɗin sinadarai a kanta. Dokar ta ce idan sinadarai suka haɗu suka rikiɗa zuwa wasu, nauyin abin da aka zuba daidai yake da nauyin abin da ya fito, muddin ba a bar komai ya zurare ba. Ƙwayoyin atam ɗin da suka shiga su ne suke fitowa, abokan zama kawai suke sauyawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, atam da atam suna haɗuwa ne bisa ƙidaya, alhali sikelin ɗakin gwaji giram ya sani. Mol ne yake haɗa biyun. Mai sayar da ƙwai a kasuwar Sabon Gari ya san kiret guda ƙwai 30 ne, ko na kaza ko na zabuwa, amma nauyinsu ya bambanta. Haka mol yake: tun daga 20 ga Mayu, 2019, ƙa'idar ma'aunai ta duniya ta ƙayyade cewa mol ɗaya ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³ ne cif, sai dai kowane sinadari da nauyin mol ɗinsa.

A ɗauki dutsen da ake ƙonawa a masana'antar siminti, wato CaCO₃. A cikinsa, mol ɗaya na kalsiyam giram 40 ne, na kabon giram 12, mol uku na atam ɗin oksijin kuma giram 48, jimilla giram 100 a kowane mol na dutsen. Idan aka ƙona shi, mol ɗaya yana ba da mol ɗaya na CaO, wato farar ƙasar da ta rage a kan sikeli, mai giram 56 da mol ɗaya na iskar CO₂ mai giram 44. Saboda haka wanda ya ƙona giram 250 zai fara raba 250 da 100 ya sami mol 2.5, sannan ya ninka 2.5 da 56 ya sami giram 140. Sau da yawa ɗalibi kan dubi sikeli ya ga 140 inda dā 250 take, ya ɗauka dokar ta karye, alhali giram 110 ɗin sun tashi ne a iska, kuma da an tare su a rufaffen mazubi da lissafin ya cika.

Kuskuren da ya fi damuna, wanda kuma yake jawo wa masu rubuta WAEC da NECO asarar maki, shi ne ɗaukar lambobin gaban sinadarai a matsayin giram. A 2H₂ + O₂ → 2H₂O, lambar 2 adadin mol ce, kuma mol ɗaya na H₂ giram 2 ne, na O₂ giram 32, don haka giram 4 na haidrojin ne ke haɗuwa da giram 32 na oksijin su ba da giram 36 na ruwa. Dole ne a daidaita jerin haɗin tukuna kafin a taɓa alƙalamin lissafi.

Manomin masara da ke Samaru ko Giwa ma yana cin moriyar wannan lissafi a kowace damina. Mol ɗaya na takin yuriya, CO(NH₂)₂, giram 60 ne, 28 daga ciki naitrojin, kuma daga nan ne kashi 46 cikin 100 da ake rubutawa a jikin buhu ya samo asali. Buhu mai kilo 50 kenan yana ɗauke da naitrojin kusan kilo 23.