"An ce" ba ta wanke ɗan jarida a kotu

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an liƙa "an ce" ko "ana zargin" a gaban labari, to an tsira daga tuhumar ɓata suna. Ba haka ba ne. A idon doka, wanda ya maimaita ƙazafi shi ma ya yaɗa shi, a rediyo ne ko a Facebook.

Gaskiya ne sashe na 39 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don kare haƙƙin wasu. Dokar hukunta laifuka ta Arewa (Final Kod, wato Penal Code) kuwa, a sashe na 392, ta tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani.