Sabon daɓen siminti a garken dabbobi

Daɓen siminti shi ne shimfiɗar siminti da yashi da tsakuwa da ake zubawa a ƙasan garke. A Sudan, garken ake kira zariba. Yana da amfani ga masu kiwon shanun madara, irin Kenana da Butana, a Mai Wurno da Jazira da Gadarif, don baƙar ƙasar yankin tana zama laka mai kama ƙafa da damina. Daɓen yana da sauƙin wankewa, sai dai yana cutar da dabba idan aka kai ta yana sabo.

Illar farko ƙuna ce. Siminti idan ya sha ruwa yakan fitar da sinadari mai zafin ruwan toka, ma'aunin zafin nasa, wato pH, yana kaiwa 12 zuwa 13. Dabba ta kwanta a kai, sai fatar gwiwa da hantsa su yi ja, su saɓule. Ta biyu kaushi ne: sabon daɓe yana goge kofato kamar dutsen wasa wuƙa, alhali kofaton saniya milimita 5 kawai yake tsirowa a wata. Tafin ya yi siriri, ɗingishi ya biyo baya, nono ya ragu.

An san matsalar kuma a kiwon alade, wanda a Sudan sai a wurare irin Duwatsun Nuba ake yinsa. 'Ya'yan alade kan kurje gwiwa wajen tsotso, kuma da yake daɓe ya raba su da ƙasa, wadda daga ita suke samun sinadarin ƙarfe, sai an yi musu allurarsa a kwanakin farko, in ba haka ba jini ya yi musu ƙaranci.

Babban rigakafi haƙuri ne, kuma a nan aka fi yin kuskure. Siminti yana bukatar kwana 28 kafin ya yi ƙwari sosai. A makon farko a riƙa yayyafa masa ruwa, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, don zafin Afirilu da Mayu a Sudan yana busar da shi da wuri, ya tsattsage. Bayan nan a wanke shi sau da yawa, a ja bulo a kai ya kashe kaifin tsakuwa, amma kada ya yi santsi. Tun lokacin zubawa, magini ya ba shi gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, fitsari ya samu hanya. Ranar da za a shigar da dabbobi, a baza yashi ko ɓawon gyaɗa mai kauri a makwanci, a kuma riƙa duba ƙafafunsu kullum har makonni biyu.