Sinawa da Indiyawan Maleshiya da maganar waye ɗan ƙasa

A yaren Malay akwai kalmar pendatang, ma'anarta dai wanda ya zo, baƙo kenan, amma a Maleshiya in aka jefi Basine ko Ba'indiye da ita to zagi ce, don wanda ake faɗa wa galibi shi da ubansa da kakansa duk a nan aka yanke musu cibiya, yana zaɓe yana biyan haraji, wani ma bai taɓa taka Chaina ko Indiya ba. A ƙidayar 2020, kashi 69.4 cikin ɗari na 'yan ƙasar bumiputera ne, wato 'yan asalin ƙasa, su ne Malay da ƙabilun jihohin Sabah da Sarawak da ke tsibirin Borneo, sai Sinawa kashi 23.2, Indiyawa 6.7. Duka 'yan ƙasa ne a takarda amma tsarin mulki bai zaunar da su kan tabarma ɗaya ba.

Zuwansu

Wasu sun jima sosai, Sinawan Melaka da ake kira Baba Nyonya ɗaruruwan shekaru suka yi a wurin tun kafin Bature ya kama ƙasar. Amma tururuwar mutane a ƙarni na 19 ne zuwa farkon na 20 zamanin mulkin Birtaniya. Sinawa daga kudancin Chaina suka zo haƙar kuza a Perak da Selangor, Kuala Lumpur ita kanta sansanin masu haƙar kuza ce a wajajen 1857. Indiyawa kuwa yawanci Tamil ne daga kudancin Indiya, aka kwaso su aikin gonakin roba da shimfiɗa layin dogo, sau da yawa ta hannun wani kangani, shugaban lebura da ake turawa ƙauyensu ya ɗebo 'yan uwansa. Bature ya bar Malay a gonar shinkafa da kamun kifi da sarautunsu, Basine a ma'adinai da shago, Ba'indiye a cikin roba, kowa da makarantarsa da yarensa. A ƙidayar 1957 Malay ba su ma cika rabin mutanen Malaya ba, wato yammacin Maleshiya na yau, Sinawa na wajen kashi 37, Indiyawa wajen 11, to tsoron Malay ba daga sama ya faɗo ba.

Cinikin da aka yi

A 1946 Birtaniya ta fito da tsarin Malayan Union wanda zai ba kusan kowa zama ɗan ƙasa daidai wa daida ya kuma rage ikon sarakuna. Malay suka ce ba su san zancen ba, a shekarar aka kafa jam'iyyar Malay ta UMNO ƙarƙashin Onn Jaafar, kafin shekara biyu Bature ya janye, aka koma tarayyar Malaya a 1948 da sharuɗɗa masu tsauri. A shekarar ne kuma yaƙin 'yan kwaminis ya ɓarke, mayaƙan yawanci Sinawa, sai gwamnati ta kwashe mutum wajen dubu 500, galibi Sinawan karkara, ta zuba su a sababbin ƙauyuka da aka zagaye da waya, kuma tabon zargin cewa Basine ba shi da amana ya samo tushe a nan.

Da aka zo karɓar 'yanci ranar 31 ga Agusta 1957, jam'iyyun UMNO da MCA ta Sinawa da MIC ta Indiyawa suka daidaita ƙarƙashin Tunku Abdul Rahman: a buɗe ƙofar zama ɗan ƙasa ga waɗanda ba Malay ba, su kuma su yarda da Musulunci a matsayin addinin tarayya, Malay harshen ƙasa, da sashe na 153 na tsarin mulki. Wannan sashen shi ne ƙashin bayan maganar, ya ɗora wa sarkin ƙasar kare matsayi na musamman na Malay, ta hanyar ware musu kaso a aikin gwamnati, tallafin karatu da lasisin kasuwanci, duk da dai ya ce a kare halastattun muradun sauran al'ummu. Hukumar Reid da ta tsara daftarin ta ba da shawarar a sake duba abin bayan shekara 15, wannan shawarar ba ta shiga tsarin mulkin ba, kuma har yau sashen na nan daram.

13 ga Mayu

Bayan zaɓen 10 ga Mayu 1969 da 'yan adawa masu goyon bayan Sinawa suka yi rawar gani, rikici ya tashi a Kuala Lumpur ranar 13, daga wajen unguwar Kampung Baru. Gwamnati ta ce mutum 196 suka mutu, yawancinsu Sinawa, wasu na ganin adadin ya fi haka nesa. Aka rufe majalisa sai 1971, da ta dawo aka mai da tambaya kan sashe na 153 laifi ko da a zauren majalisa ne, sannan gwamnatin Abdul Razak ta ƙaddamar da sabon tsarin tattalin arziki mai burin bumiputera su mallaki kashi 30 na hannayen jarin kamfanoni zuwa 1990, don a 1970 kashi 2.4 kacal ke hannunsu, kuma mafi yawan jarin ma ba na Sinawa ba ne, na Turawa da sauran 'yan waje ne, abin da ake yawan mantawa in ana gardama.

Gaskiya tsarin ya yi aiki ta wani ɓangare, ya fitar da Malay da yawa daga talauci ya samar da likitoci da injiniyoyi a cikinsu. Amma 1990 ta zo ta wuce, sai suna ake ta canza masa. Ga yadda abin yake a ƙasa: mutum biyu su je sayen gida a rukuni ɗaya, bumiputera ya samu ragin farashi ko da attajiri ne, ɗan Ba'indiye lebura ya biya cif. Jami'ar UiTM ta bumiputera ce, shirin share fagen shiga jami'a na gwamnati kuwa kashi 90 nasu ne, 10 na sauran. Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma a garin da aka haife shi aka hana shi zai gane ɗanɗanon abin. Shi ya sa Sinawa masu ilimi suke ta ficewa, musamman zuwa Singafo, Bankin Duniya a 2011 ya ƙiyasta 'yan Maleshiya da ke waje sun kai wajen miliyan ɗaya. Malay ma na da nasu ƙorafin, kamfanoni masu zaman kansu da ke tallan aiki su ce sai mai jin Mandarin, yaren Sinawa.

Wanda ya fi shan wuya dai Ba'indiyen gona ne, ba shi da rigar bumiputera ba shi da jarin Basine. Da aka rarraba gonakin roba ana mai da su na kwakwar manja da gidaje, iyalai suka rasa aiki da ɗaki lokaci guda suka koma gefen birane, wasu iyayensu ba su taɓa yi musu rajistar haihuwa ba, sai ka ga dattijo an haife shi a Perak amma jan kati na mazaunin dindindin ke aljihunsa ba shuɗi na ɗan ƙasa ba, ba zai yi zaɓe ba. Ga rushe wuraren bautar Hindu. Ranar 25 ga Nuwamba 2007 ƙungiyar kare haƙƙin 'yan Hindu mai suna Hindraf ta fito da dubban mutane a Kuala Lumpur ɗauke da hotunan Gandhi, za su kai koke ofishin jakadancin Birtaniya kan ƙarar diyyar dala tiriliyan 4 da suka shigar, wai Ingila ta kawo kakanninsu ta watsar, 'yan sanda suka tarbe su da barkonon tsohuwa da ruwan zafi, daga baya aka tsare shugabanninsu biyar ba shari'a.

Bakin 'yan siyasa ma bai daina ba. A 2008 wani jigon UMNO a Penang, Ahmad Ismail, ya kira Sinawa pendatang, jam'iyya ta dakatar da shi shekara uku. Bayan zaɓen 2013 jaridar Utusan Malaysia ta buga kanu tana tambayar wai me kuma Sinawa ke so. A ƙarshen 2018 gwamnatin Mahathir Mohamad ta fasa sa hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da wariyar launin fata saboda matsin lambar masu ganin za ta taɓa sashe na 153.

Shi kuma Malay ɗin a doka ba jini ba ne zalla, sashe na 160 ya ce Musulmi ne mai magana da yaren Malay mai bin al'adar Malay, da sharaɗin haihuwa ko zama a ƙasar kafin 'yanci ko zama zuriyar wanda ya cika shi. Don haka Indiyawa Musulmi da yawa sun narke cikin Malay, Mahathir ɗin ma shi da bakinsa ya amsa cewa akwai jinin Indiya a danginsa na wajen uba.