Ma'anar "solo" a kiɗan jaz, da yadda ake bin sa da kunne

Kalmar solo daga Italiyanci ta samo asali, ma'anarta "shi kaɗai". Amma a kiɗan jaz, mai yin solo da wuya ya kasance shi kaɗai. Mai ganguna, mai fiyano da mai babban bas ɗin nan da ake tsinka da yatsu duk suna nan suna riƙe masa. Abin da ake nufi shi ne lokacin da aka ba makaɗi ɗaya fili ya ƙirƙiro sabon kari nan take, a kan ginin waƙar da aka fara da ita.

Ginin nan shi ne abin da sabon mai sauraro ya fi rasawa, shi ya sa yakan ce jaz hayaniya ce marar kai. Alhali lissafinsa a fili yake. A yawancin waƙoƙi, bugu huɗu ne ke yin gaɓa ɗaya. Salon bulus, tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, yawanci yana da gaɓa 12. Tsofaffin waƙoƙin Amurka da makaɗan jaz suka mayar nasu, da yawansu gaɓa 32 ne, an kasa su takwas-takwas: kashi na farko, a maimaita shi, sai wani kashi daban da ake kira gada, sannan a dawo na farkon. Tafiya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ita ce koras, wato zagaye guda. A ƙarƙashin karin akwai jerin kod, muryoyi uku ko huɗu da mai fiyano ke dannawa tare, suna sauyawa bayan gaɓa ɗaya ko biyu. Ƙungiya za ta buga ainihin karin sau ɗaya ko sau biyu, sai a ajiye shi, amma jerin kod ɗin ya ci gaba da zagayawa yadda yake. A kansa mai solo ke gini. Idan ana bugu 120 a minti, zagayen gaɓa 32 zai ci minti ɗaya da daƙiƙa huɗu.

Wanda ke son ya ji wannan da kunnensa, ya nemi "So What", waƙar farko a faifan Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka ɗauka a 1959. Bayan 'yar shimfiɗa, Paul Chambers ne ke buga karin da bas, sauran suna ba shi amshi da muryoyi biyu kacal. Da zagayen ya ƙare, Jimmy Cobb zai daki faifan ƙarfen gangunansa da ƙarfi, Miles ya shigo da taramfet, wato ƙahon ƙarfe da ake busawa. Daga nan a fara ƙirga: gaɓa 16 a wuri ɗaya, sai a ji kiɗan gaba ɗaya ya ɗan ɗaga sama na gaɓa takwas, ya sake saukowa na wasu takwas. Miles zagaye biyu ya yi. Yana barin sarari tsakanin jimlolinsa, kamar dattijo mai auna magana kafin ya furta. John Coltrane da ya karɓa da saksofon, sai ya cika kowane lungu da muryoyi. Gini ɗaya ne, halin mutanen ne ya bambanta, kuma a ganina wannan bambancin shi ne kusan duk daɗin jaz.

A farkon jaz a birnin New Orleans na Amurka, masu busa tare suke ƙirƙira, kowa yana saƙa nasa cikin na ɗan'uwansa. Louis Armstrong ne, da faya-fayan da ya yi tsakanin 1925 da 1928, ya sa hankali ya koma kan mutum ɗaya. Faifan wancan zamani, mai juyawa sau 78 a minti, kimanin minti uku yake ɗauka a kowace fuska, don haka dole a taƙaita. A cikin wannan ƙuncin Coleman Hawkins ya busa "Body and Soul" a 1939, zagaye biyu, kuma da ƙyar ya taɓa ainihin karin kafin ya kama nasa. Da dogon faifai ya fito a 1948 aka samu sarari. A bikin jaz na garin Newport na 1956, Paul Gonsalves na ƙungiyar Duke Ellington ya yi zagaye 27 na bulus a jere, jama'a suka miƙe suna rawa.

Solo yana lalacewa ta hanyoyin da kunne zai iya kamawa. Ɗaya daga ciki shi ne ɓatan wuri. A waƙa mai gaɓa 32, kashin ƙarshe na zagaye yana haɗuwa da biyun farko na zagaye mai zuwa, wato kashi iri ɗaya sau uku a jere. Makaɗin da hankalinsa ya ɗauke sai ya shiga gada kafin lokaci, muryoyinsa su yi karo da na fiyano. Nan mai ganguna ke ceto shi, da ɗan ƙarin bugu a bakin kowace gaɓa takwas. Akwai kuma gaggawa, inda mai solo ke shiga gaban bugu har kiɗan ya rasa nutsuwa. Wani kuma ya haddace jimlolin manya, yana zubo su ko sun dace ko ba su dace ba; yatsu suna gudu, amma babu abin da aka faɗa. Wani lokacin ginin ne da kansa mai wuya. A "Giant Steps" na Coltrane kod yana sauyawa kusan kowane bugu biyu, cikin tsananin sauri, kuma ana jin yadda layin Tommy Flanagan ke yankewa a fiyano har ya koma danna kod kawai. Gwani ne na gaske, sabuwar waƙa ce aka ajiye masa mai tsauri.

Dab da ƙarshe akan yi musayar huɗu-huɗu: mai busa ya yi gaɓa huɗu, kowa ya yi shiru mai ganguna ya amsa da huɗu, haka har zagayen ya cika, sannan a dawo kan karin farko a rufe. A wurin wasa ana tafa wa kowane mai solo da zarar ya gama, ba a jiran ƙarshen waƙa. Sai dai a yi tafin gajere, domin mai karɓa ya riga ya fara, kuma sau da yawa jimlarsa ta farko daga ta ƙarshen wanda ya gabace shi yake ɗauko ta.