Waiwaye: Kofin hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka da tsohuwar rigimar 'yan Kanada

Ranar 7 ga Nuwamban 2024, NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta soke wata doka da ta yi gomman shekaru tana aiki. Ta ce daga 1 ga Agustan 2025, saurayin da ya buga wa manyan kulob-kulob na matasa na Kanada yana iya zuwa jami'a a Amurka ya yi karatu, ya kuma buga mata hokin ƙanƙara. Wanda bai san tarihin gasar ba zai ɗauka gyaran takarda ne kawai. Alhali kuwa a kan wannan magana aka taɓa rushe lig sukutum, kuma a kanta manyan jami'o'i biyu suka yi fiye da shekara goma ba sa ga-maciji.

Wasan dai ana yin sa ne a kan daskararren ruwa. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron raga, sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna korar wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna. Zubi uku ake yi, kowanne minti 20. A gasar cin kofin jami'o'i babu canjaras: idan lokaci ya cika ba a rabu ba, sai a yi ta ƙari har sai wani ya ci, nan take kuma wasa ya ƙare. A 2021 Minnesota Duluth da North Dakota sai da suka shiga ƙarin lokaci na biyar, sama da minti 142 ke nan a kan ƙanƙara, kafin Duluth ta ci.

Jami'o'in gabashin Amurka sun fara karawa da juna tun wajejen 1896, lokacin da Yale ta je Baltimore ta haɗu da Johns Hopkins. Amma kofin ƙasa sai a 1948 aka fara shi, kuma ba a wani babban birni ba. Wani otal mai suna Broadmoor a Colorado Springs, gindin duwatsun Rocky, shi ya karɓi baƙuncin gasar, a wani zaure da asalinsa wurin sukuwar dawaki ne kafin a mayar da shi filin ƙanƙara. Jami'o'i huɗu aka gayyata, biyu daga gabas, biyu daga yamma: Dartmouth, Boston College, Michigan da Colorado College. Michigan ta doke Dartmouth da ci 8 da 4 a wasan ƙarshe. Shekara goma a jere a wannan zaure aka yi gasar, kuma a cikin goman nan Michigan ta ɗauki shida a ƙarƙashin kociya Vic Heyliger.

Tun a wannan zamani kowa ya san inda gwanayen suke. Kanada ce gidan wasan, can yara ke tashi da sanda a hannu, kuma can akwai tsarin kulob-kulob na matasa da ke riƙe yaro har ya kai shekara 20. Wanda bai samu shiga gasar ƙwararru ta NHL ba, wadda a lokacin kulob shida kacal ke cikinta, sai ya waiwayi Amurka, inda za a ba shi gurbin karatu kyauta. Sai ga shi ɗan shekara 21 ko 22, wanda ya goge, yana aji ɗaya da yaron da bai daɗe da gama sakandare ba. Mai bin ƙwallon ƙafa a nan gida ya san yadda rigimar shekaru ke ɓata gasar matasa. Bambancin shi ne can ba wanda ya rage shekarunsa, doka ce ba ta hana ba.

Mutum biyu ne suka zama fuskar wannan rigima. Na farko Murray Armstrong, ɗan Kanada, wanda ya horar da kulob ɗin matasa na Regina Pats kafin jami'ar Denver ta ɗauke shi a 1956. Ya san kowane lungu na yammacin Kanada, ya kuma san iyayen yaran. Cikin shekara biyu ya kawo wa Denver kofinta na farko a 1958, ya ƙara a 1960 da 1961, inda a wasan ƙarshe na 1961 suka lallasa St. Lawrence da ci 12 da 2. Ya sake ɗauka a 1968 da 1969.

Na biyu John Mariucci, kociyan jami'ar Minnesota, ɗan garin Eveleth mai haƙar tama a arewacin jihar. Shi a ganinsa jami'ar jiha ta yaran jiha ce. Ya yi ta zagaya garuruwa yana ƙarfafa wa makarantun sakandare gwiwa su gina filaye su kafa ƙungiyoyi, kuma daga cikinsu yake ɗiban 'yan wasansa. Ya ƙi yarda yaransa su riƙa karawa da waɗanda ya ɗauka ƙwararru ne aka sa musu rigar ɗalibai. A 1958 Minnesota da jami'o'i uku na jihar Michigan suka fice daga lig ɗin yamma, suna zargin Denver da Colorado College da North Dakota da kwaso manyan 'yan Kanada. Lig ɗin ya watse, kakar wasa guda ta wuce babu shi, sai a 1959 aka sake haɗuwa da sabon suna, WCHA. Duk da haka Minnesota ta yi shekara da shekaru ba ta sa Denver a jadawalinta.

Mariucci bai taɓa ɗaukar kofin ba. Ya kai wasan ƙarshe a 1953 da 1954, ya sha kashi duka biyun. In da kofi kaɗai ake auna mutum, Armstrong ya yi masa fintinkau. Ni dai ina ganin an fi cin moriyar abin da Mariucci ya shuka. Ɗaya daga cikin yaran da ya horar, Herb Brooks, shi ya karɓi ƙungiyar daga baya, ya ci kofi a 1974 da 1976 da 1979 da 'yan wasan da kusan dukansu haifaffun jihar ne. Da aka ba Brooks tawagar Amurka zuwa gasar Olamfik ta 1980 a Lake Placid, tara daga cikin 'yan wasa 20 yaransa ne na Minnesota, huɗu kuma daga jami'ar Boston, wadda suka ba hamata iska da ita a wasan kusa da na ƙarshe na 1976. Waɗannan ɗalibai ne suka doke Tarayyar Sobiyet da ci 4 da 3, suka wuce suka ɗauki zinare. Ba don an yi shekara ashirin ana ba yaran gida dama ba, da wuya a tara irin wannan tawaga.

Sai dai kada a zalunci Armstrong. Yaran da ya kawo da yawansu 'ya'yan manoma ne da ma'aikata, waɗanda ba don wannan hanya ba da ƙila ba su ga ƙofar jami'a ba, kuma sun ɗaga darajar wasan har dole kowa ya ƙara himma. Gabas ma ba ta tsira ba. Cornell, a hannun Ned Harkness, da yaran Ontario ta ci kofin 1967, mai tsaron ragarta kuwa Ken Dryden ne, wanda daga baya ya yi suna a Montreal har ya zama minista a gwamnatin Kanada. A 1970 Cornell ta buga wasa 29 ta ci duka, babu canjaras ko ɗaya, ta rufe da doke Clarkson a wasan ƙarshe.

A shekarun 1970 NCAA ta fara matsawa. Denver ta kai wasan ƙarshe a 1973, daga baya aka share mata wannan matsayi daga kundi saboda saɓa ƙa'idar ɗaukar 'yan wasa. A ƙarshe hukumar ta tsaya a kan cewa duk wanda ya buga babbar gasar matasa ta Kanada, wadda yanzu ake kira CHL, ya zama ɗan wasan kuɗi, tunda ana ba su ɗan alawus kuma a cikinsu akwai waɗanda suka riga suka sa hannu da kulob-kulob na NHL. Abin da wannan ya haifar shi ne yaro ɗan shekara 15 ko 16 dole ya zaɓi hanya ɗaya, ko CHL ko jami'ar Amurka, kuma in ya taka ƙanƙarar CHL ko da a wasan gwaji ne, yana iya rasa ɗayar. Wannan nauyi ya yi wa yaro yawa. Masu son karatu sai suka riƙa zama a ƙananan lig-lig don kare damarsu. Ta nan Paul Kariya ya bi, daga Penticton zuwa jami'ar Maine, inda a 1993 suka yi wasa 45 sau ɗaya kawai aka doke su. Ta nan Cale Makar ya bi daga Alberta zuwa jami'ar Massachusetts.

Ita gasar kanta ta ci gaba da faɗaɗa: daga jami'o'i huɗu na farko ta kai takwas a 1981, 12 a 1988, sannan 16 a 2003. A 1999 aka raɗa wa zagayen huɗun ƙarshe suna Frozen Four, wato huɗun ƙanƙara. A 2010 aka kai ta filin ƙwallon Amurka na Detroit, mutum fiye da dubu 37 suka kalli Boston College ta ci Wisconsin 5 da nema.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne yadda ƙananan makarantu suke samun rabonsu, abin da ba kasafai ake gani a ƙwallon kwando ko ƙwallon Amurka na jami'o'i ba. Jami'o'in da ke wannan mataki sittin da 'yan kai ne, kuma da yawansu a ƙananan garuruwa masu tsananin sanyi suke, inda daren Juma'a da Asabar babu abin da ya kai zuwa filin ƙanƙara. Michigan Tech da ke Houghton ta ci sau uku. Lake Superior State, a bakin iyakar Kanada, ta ci a 1988 da 1992 da 1994. Bowling Green ta ci a 1984 bayan ƙarin lokaci huɗu. A 2014 Union College, mai ɗalibai dubu biyu da 'yan ɗaruruwa, wadda a lokacin ba ta ba da tallafin karatu don wasa, ta doke Minnesota da ci 7 da 4 a Philadelphia. A 2023 ita ma Quinnipiac ta kayar da Minnesota daƙiƙa goma kacal da shiga ƙarin lokaci, a hannun Rand Pecknold, wanda yake tare da ita tun 1994, zamanin da ba ta ma cikin manyan. Sirrin irin waɗannan makarantu sau da yawa shi ne haƙuri. Suna ɗaukar saurayi ɗan shekara 20 da manya suka tsallake, su riƙe shi shekara huɗu, sai ga ƙungiyar da ta san juna tana fuskantar taurari 'yan shekara 18 da za su bar makaranta bayan kaka ɗaya ko biyu. Wato makamin da Mariucci ya yi ta kuka da shi, shi ne ya zama garkuwar marasa ƙarfi.

Kuɗi sun shigo da ƙarfinsu a 2010, lokacin da attajiri Terry Pegula ya ba Penn State dala miliyan 88 ta gina fili ta kafa ƙungiya. Wannan ya ba manyan jami'o'in Big Ten, ƙawancen da ya haɗa irin su Michigan, Minnesota da Penn State, damar ware lig ɗinsu a 2013, su kuma Denver da North Dakota da wasu suka kafa nasu, NCHC. Daga lokacin har zuwa gasar 2025, Big Ten ba ta ɗauki kofin ko sau ɗaya ba, NCHC kuwa ta ɗauka sau bakwai. A ciki har da na 2024, wanda ya zama na goma ga Denver, ta haye Michigan mai tara.

Dokar hana 'yan CHL ta riga ta rasa madogara tun 2021, da aka yarda ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa. Ta yaya za a ce wanda ke karɓar dubban daloli ɗalibi ne, wanda aka ba ɗan alawus yana shekara 16 kuma ƙwararre? A Agustan 2024 wani matashi daga Ontario, wanda wasa biyu na gwaji suka jawo masa haramci, ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Buffalo. Ba a yi wata uku ba NCAA ta janye dokar. A ganina daidai ta yi, ko da a makare.

Gasar ƙarshe a ƙarƙashin tsohon tsari an yi ta ne a St. Louis cikin Afrilun 2025. Western Michigan ta garin Kalamazoo, wadda filinta bai ɗaukar mutum dubu huɗu, ta fitar da Denver bayan ƙarin lokaci biyu, ta doke jami'ar Boston da ci 6 da 2, ta ɗauki kofinta na farko. Wata uku bayan nan Gavin McKenna, ɗan garin Whitehorse a yankin Yukon, wanda ake ganin babu kamarsa a matasan Kanada, ya bar kulob ɗin CHL na Medicine Hat Tigers ya zaɓi Penn State. Damuwata tana kan wanda ba a ambatar sunansa a irin waɗannan labarai: yaron sakandare na Eveleth ko Roseau da ke sa ran gurbi ɗaya a ƙaramar jami'a, wanda yanzu zai yi takara da ɗaruruwan samarin da suka fito daga kulob-kulob kusan sittin na CHL.