Shirin Ɓoye Adireshi a Amurka

Shirin ɓoye adireshi tsari ne da jihohin Amurka ke gudanarwa domin mutanen da suka tsere daga wanda ke cutar da su. Gwamnatin jiha tana ba mutum adireshin madadi, galibi akwatin gidan waya, wanda zai riƙa rubutawa a takardun hukuma. Wasiƙun da suka isa can sai ofishin shirin ya tura su ainihin gidansa.

Tarihi

Jihar Washington ce ta fara, a 1991. A Amurka yawancin bayanan hukuma a buɗe suke ga mai nema, har da rajistar masu zaɓe da takardun kotu. Mace na iya kwashe 'ya'yanta ta canza gari, amma ranar da ta yi rajistar zaɓe ta nuna wa mijin da ta gudar wa ƙofar gidanta. Wasu kan haƙura da zaɓen gaba ɗaya saboda haka. Dokar Washington ta ɗora aikin a kan ofishin sakataren jiha, wanda dama shi ke kula da zaɓe, kuma jihohi da dama sun bi sahu. Kalifoniya ta buɗe nata mai suna Safe at Home a 1999, Minnesota a 2007, New York a wajajen 2012. A Texas da Florida ofishin antoni-janar ne ke riƙe da shi. Yanzu jihohi sama da 40 na da irinsa.

Waɗanda suka cancanta

Kowace jiha da dokarta. Tun farko an yi shi ne domin waɗanda ake muzguna wa a cikin gida, daga baya aka shigar da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da waɗanda ake bibiya, da waɗanda aka yi safararsu. Iyaye kan nema wa yaransu. Akwai kuma sharaɗin ƙaura: jihohi da yawa na so mutum ya koma, ko yana shirin komawa, gidan da mai cutar da shi bai sani ba, tunda shirin ba ya goge abin da ya riga ya shiga kundin hukuma. Ana cike takarda ne ta hannun mataimakin da jiha ta horar, yawanci a gidajen mafaka. Wasu jihohin na neman rahoton 'yan sanda ko umarnin kotu, wasu kuwa rantsuwar mai nema ta wadatar.

Kalifoniya ta ƙara da ma'aikatan asibitocin haihuwa da zubar da ciki.

Wa'adi da iyaka

Rajista kan yi shekara 4 a yawancin jihohi, 3 a Texas, kuma ana sabuntawa. Dole ne ofisoshin jiha su karɓi adireshin madadin, amma a wurare da yawa dokar ba ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu ba. Wannan shiri daban yake da shirin tarayya na kare shaidu, wanda ke canza wa mutum suna.